Wanda Ya Sha A Sama Ya Tuƙa A Ƙasa: Daga Ina Alhakinsa Ya Fara?

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Isolo ya san ƙarar jiragen sama. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana tsakanin unguwannin nan biyu, Agege ta arewa, Isolo ta kudu, kuma daga Ajao Estate tafiyar 'yan mintoci ce zuwa ƙofar shiga jiragen ƙasashen waje. A dā masu jin Hausa da ke zaune a Ikko, 'yan goro da 'yan shanu da masu gadi da sojoji, kallon jiragen nan kawai suke yi daga ƙasa. Yau 'ya'yansu da jikokinsu ne a ciki. Wani zai je sarin kaya, wani zai je bikin saukar karatun ɗansa, wata za ta je wankan jegon 'yarta, wani kuma ma'aikatarsa ce ta tura shi kos. Da yawa daga cikinsu sukan yi hayar mota tun daga gida ta intanet, domin da zarar sun sauka su karɓi makulli su tuƙa kansu.

A cikin jirgi kuwa, bayan an tashi da kamar sa'a guda, ma'aikaciya takan turo keken abinci, a kansa ga ruwa, ga lemo, ga ƙananan kwalaben ruwan inabi da wuski. A yawancin jiragen dogon zango ba a karɓar ko kwabo, gama an riga an haɗa kuɗin cikin tikiti. A nan tambayar take: mutumin da ya san cewa da asuba zai riƙe sitiyari a ƙasar da ba tasa ba, in ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar nan, ya yi laifi ko bai yi ba? In kuwa ya yi, yaushe laifin ya fara, a kujerar jirgi ko a kujerar mota?

Masu bi sun daɗe suna muhawara a kan giya. Ikkilisiyoyi da yawa a arewacin Nijeriya sun hana membobinsu shanta ɗungum, domin sun ga abin da burkutu da ogogoro suka yi wa gidaje. Waɗansu kuma sukan ce Littafi Mai Tsarki buguwa ya hana, su kawo labarin bikin Kana da shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa. Maƙwabta Musulmi kuwa a wurinsu haramun ce, babu ja. Amma tambayar da ke gaba ta shafi kowane ɓangare, domin ko wanda ya ɗauki ra'ayi mafi sauƙi a kan giya bai taɓa cewa yana da izinin jefa ran wani cikin hatsari ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san gaskiyar al'amarin. Hantar mutum tana narkar da barasa a hankali, kimanin mililita 10 na tsantsar barasa a kowace sa'a, ko da yake akwai bambanci tsakanin mutum da mutum. Ƙaramar kwalbar ruwan inabi ta cikin jirgi mililita 187 ce, tsantsar barasar da ke cikinta ta ɗan haura mililita 20. Ƙaramar kwalbar wuski mai mililita 50 tana ɗauke da mililita 20. Wanda ya sha ruwan inabi biyu da abinci, ya ɗora wuski ɗaya don barci ya ɗauke shi, ya ba hantarsa aikin kusan sa'a bakwai. Tafiya daga Ikko zuwa Landan kuwa sa'a shida da rabi ce. Jirgin dare yakan tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a ba da abinci bayan tsakar dare, a sauka da asuba. Lokacin da matafiyin nan zai karɓi makullin mota, mai yiwuwa da sauran barasa a jininsa. Kofi ko goro ko wanke fuska da ruwan sanyi ba sa ƙara wa hanta sauri. Abin da suke yi kawai su sa mutum ya ji kamar ya wartsake.

Sa'an nan ga yanayin jirgin kansa. Iskar da ke ciki daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, saboda haka oksijin da ke shiga jini yakan ragu. A shekarar 2024 masana na Cibiyar Binciken Sararin Sama ta Jamus suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar likitoci mai suna Thorax. Sun sa matasa masu ƙoshin lafiya sun sha barasa, sa'an nan suka yi barci a ɗakin da aka mai da iskarsa kamar ta jirgi. Oksijin na jininsu ya sauka zuwa wajen kashi 85 cikin 100, bugun zuciyarsu ya ƙaru, barcin kuma bai yi zurfi ba. Ashe kwalbar da mutum ya sha don ya huta ita ce ta rage masa hutun.

Ga kuma rashin barci. A 1997 waɗansu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 ido biyu, hankalinsa da hannunsa sukan yi nauyi kamar na wanda ke da miligiram 50 na barasa a cikin mililita 100 na jini. Wanda ya kai sa'a 24 kuwa kamar mai miligiram 100 ne. A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya tashi a Isolo da ƙarfe biyar na safe, ya wuni yana kintsa kaya da sallamar mutane, ya sha cunkoson Oshodi, ya tsaya layin kwastan da na shige da fice, ya yi gyangyaɗin sa'a biyu a zaune. Ko ruwa kaɗai ya sha, ya sauka a gajiye liƙis. In ya haɗa da barasa, nauyi ne a kan nauyi.

Baƙo a kan hanyar da bai sani ba

Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma hannun dama. Duk direban da ya koyi mota bayan wannan rana, hannunsa da idonsa sun saba da dama. A Ingila da Afirka ta Kudu da Kenya da Japan kuwa hagu ake bi, mazaunin direba yana dama, shataletale ma ta ɗaya gefen ake zagaya shi. Mutum mai cikakken hankali yakan riƙa tuna wa kansa. Amma abin da gajiya da barasa suke fara tafiya da shi shi ne wannan tunin, sai sabo ya karɓi sitiyari.

Ranar 27 ga Agusta 2019, kusa da sansanin sojan sama na Croughton a Ingila, wata Ba'amurkiya mai suna Anne Sacoolas, wadda ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ta fito da mota ta bi hannun dama kamar yadda ta saba a gida. Ta yi karo da wani saurayi ɗan shekara 19 a kan babur, Harry Dunn, ya mutu. A 2022 ta amsa laifinta a gaban kotun Landan. Ba a tuhume ta da shan komai ba. Sabo kaɗai ya isa ya kashe ɗan mutane. To, yaya ke nan in an ƙara wa sabo kwanan zaune da kwalba uku?

Dokokin ƙasashe ma sun bambanta. Ingila ta sa iyakar miligiram 80 a dokarta ta 1967. Sikotilan ta rage tata zuwa 50 a Disamba 2014, har ya zama direba na iya ƙetare iyaka cikin tsibiri ɗaya ya tashi daga marar laifi ya koma mai laifi. Faransa da Jamus 50 ne, Suwidin 20, jihohin Amurka 80 ban da Utah da ta koma 50 a ƙarshen 2018. Hungari da Jamhuriyar Cek da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba su yarda da ko ɗigo ba. Takardar hayar mota kuma, wadda mutane kan sa wa hannu ba tare da karantawa ba, a yawancin kamfanoni tana soke kariyar inshorar motar in aka sami direba da maye. Ga tara, ga kurkuku, ga asarar biza. Amma duk waɗannan asarar mai sha ce shi kaɗai, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Abin da ya mai da maganar ta zama ta lamiri shi ne mutum na biyu, wanda ke tafiya a gefen hanya, wanda bai sha komai ba, ba a kuma yi shawara da shi ba.

San da aka san yana kai ƙaho

Shari'ar Musa ta bambanta tsautsayi da sakaci. A Fitowa sura 21, in sa ya soke mutum har ya mutu, akan jajjefi san, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma in an san san nan yana kai ƙaho tun dā, an kuma faɗakar da mai shi bai ɗaure shi ba, jinin yana wuyansa. Mai san bai soki kowa da hannunsa ba, wataƙila ma yana barci sa'ad da abin ya faru. Laifinsa ya fara ne ranar da ya ji gargaɗi ya bar igiya a rataye. Haka kuma a Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya ja ƙaramar katanga kewaye da rufin soronsa, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Ba a ce ya jira sai wani ya faɗo ba. Gidan da ba shi da katangar nan ya karya doka ko da shekara arba'in ta wuce ba wanda ya zame.

Masanan Helenawa ma sun kai ga wannan. Aristotal ya ambaci dokar da ke ninka horon wanda ya yi ɓarna cikin maye, dalilinsa kuwa shi ne mutumin yana da ikon ƙin sha tun farko, saboda haka rashin sanin da ya biyo baya shi ya jawo wa kansa. Wannan ya amsa uzurin da aka fi ji, wato “ban san na bugu ba”. Barasa takan fara taɓa ɓangaren hankali da ke auna ko mutum ya bugu. Wanda ke tambayar kansa a bakin tebur na kamfanin haya ko zai iya tuƙi, yana tambayar shaidan da aka riga aka saya. Mutumin da ya kamata ya yanke shawarar shi ne wanda ke zaune a kujerar jirgi kafin keken abinci ya iso, ko ma wanda ke ɗaure akwati a ɗakinsa a Isolo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Karin Magana sura 31 ta hana sarakuna giya da dalili ɗaya, kada su manta da doka su danne hakkin marasa ƙarfi. Littafin Firistoci sura 10 ya hana Haruna da 'ya'yansa sha sa'ad da za su shiga alfarwa ta sujada. Dukansu biyu sun ɗaure hanin da aikin da ke gaban mutum. Wanda rayukan waɗansu za su shiga hannunsa, ana neman hankalinsa cikakke. Direba na riƙe da ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya yana gudun kilomita 100 a sa'a. A wannan lokaci ikonsa a kan mai keke da ɗan makaranta bai gaza na sarki a kan talaka ba.

“Ai na isa lafiya”

Uzuri mafi ƙarfi shi ne na wanda ya yi sau goma ba abin da ya faru. A 1976 masanin falsafa Thomas Nagel na Amurka ya yi nazari a kan irin wannan. Direbobi biyu sun sha daidai, motar kowannensu ta hau gefen hanya. Ɗaya ya tarar da wurin fayau, ɗaya ya tarar da mutum a tsaye. Duniya takan kira na biyun mai kisankai, na farkon kuwa ta ce ya yi sa'a. Amma abin da ya raba su ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke hannunsu, wato sha da kama sitiyari, iri ɗaya ne. Kotun mutane tana da dalilin bambanta horonsu, gama gawa tana gaban ɗaya. Sai dai wanda ya tsira ba shi da hujjar ɗaukar tsirarsa a kan shaidar rashin laifi.

Harkar jiragen sama ta daɗe da gane haka. A Amurka doka ta hana matuƙi hawa jirgi in bai cika sa'a 8 da shan barasa ba, ko in jininsa ya kai miligiram 40. A watan Maris 1990 matuƙa uku na kamfanin Northwest suka sha barasa da dare, da safe suka ɗauki jirgi daga Fargo zuwa Minneapolis da fasinjoji 91. Sun sauka lafiya lau, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Duk da haka aka kama su, aka ƙwace lasisinsu, aka ɗaure dukansu uku. Babu fasinjan da zai ce an zalunce su. Kowane matafiyi yana so wanda ke gaban jirgi ya kasance da idonsa garau, yakan ma yi addu'a a kan haka kafin a tashi. Sa'o'i kaɗan bayan nan shi ne zai zama matuƙin waɗansu, matarsa da 'ya'yansa a baya, baƙi a kan hanya. Ma'aunin da ya auna wa matuƙin jirgi shi ya kamata ya auna wa kansa.

Akwai kuma wanda zai ce bai kai iyakar doka ba. Iyakar doka layi ne da majalisa ta ja domin ɗan sanda da alƙali su sami abin kamawa. Tun binciken da Robert Borkenstein ya yi a garin Grand Rapids a 1964 aka san cewa hatsari na ƙaruwa ne yadda barasa ke ƙaruwa a jini, gwaje-gwajen baya kuma sun nuna lura da saurin taka birki sukan fara raguwa tun kafin a kai 50. Na'urar ɗan sanda ba ta auna gajiya, ba ta auna baƙunta. Bin dokar ƙasar da mutum ya sauka wajibi ne bisa ga koyarwar Romawa sura 13, amma ƙaunar maƙwabci tana neman abin da ya fi haka.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, rai a hannun Allah yake, ai an yi addu'a kafin a bar gida. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Wanda ya roƙi kariya a hanya sa'an nan ya dushe idonsa da hannunsa, ya roƙi abu da baki ya rushe shi da aiki.

Laifi tudu ne

Mazaunin Ikko ya san masu sayar da paraga da barasar leda a tashoshin Oshodi da Agege da Iyana Isolo, ya san direban danfo da ke kurɓa da sassafe kafin ya ɗauki fasinja. Mai sanye da kwat yakan gan shi ya girgiza kai ya ce jahilci. Amma barasar da ke cikin leda da wadda ke cikin kofin gilashi a saman gajimare abu ɗaya ne, hanta ba ta san ajin kujera ba. Bambancin da ke akwai ma bai taimaki mai kwat ba, domin direban danfo ya san kowane rami a hanyarsa, shi kuwa baƙo ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili. Waɗansu da ba sa taɓa kwalba a gida saboda idon dattawan ikkilisiya da na maƙwabta, da jirgi ya ɗaga sai su ga ba wanda ya san su, ga shi kuma kyauta ne, an riga an biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Irin wannan mutum ya fi kowa shiga hatsari, domin bai san yadda abin yake kama shi ba. Kamunkai da Bulus ya lissafta cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5, in na gaske ne, ba ya tsayawa a teburin shige da fice.

Wanda ba ya sha sam, kada shi ma ya naɗe hannu ya ce maganar ta waɗansu ce. Binciken Ostareliya ya nuna cewa dattijon da ya kwana ido biyu yana karanta Zabura, in ya sauka ya kama motar haya zuwa gari mai nisan sa'a uku, hannunsa ya yi nauyi kamar na mai sha. Ka'idar ɗaya ce: wanda ya san hankalinsa ya ragu, ko mene ne ya rage shi, ba shi da izinin ɗora hatsarin a kan waɗansu.

Abin da ya kamata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyi kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Ƙasar da ta binne mutane haka ba ta bukatar a koya mata zafin saƙon mutuwar hanya. Iyalin da ke Manchester ko Atlanta ko Johannesburg haka su ma suke jinsa.

Maganin ba shi da tsada. Wanda zai tuƙa bayan sauka ya yanke tun daga gida cewa ruwa da lemo kawai zai sha. In tafiyar dare ce, ya sa ranar karɓar mota ta zama kashegari, ya shiga jirgin ƙasa ko bas ko tasi, ya kwana ya huta, ya ga hanya da rana. In ya riga ya sha, ya bar makullin a kan tebur, asarar kuɗin kwana ɗaya ba ta kai komai ba. 'Yan'uwan da ke can su daina cewa baƙo ya ɗauko mota ya same su, su je su tarye shi, gama wannan ma karɓar baƙo ne. Matar da ke zaune kusa da mijinta a jirgi, ko abokin tafiya, in ya ga hannu ya miƙa wajen kwalba ya yi shiru don kunya, ya zama kamar maƙwabcin da ya ga sa a kwance bai faɗa ba. Fastoci da shugabannin zumunta kuma, sa'ad da memba ya zo neman addu'ar tafiya, yana da kyau su tambaye shi wa zai tuƙa shi daga filin jirgi.

Alhakin ya fara ne tun lokacin da mutum yake da cikakken hankali, ya san abin da ke gabansa, ya kuma zaɓa. Mutumin da zai tsallaka titi gobe da safe a wani gari mai sanyi, ba a san sunansa ba, ba ya jin Hausa, wataƙila bai taɓa jin sunan Agege ba. Bisa ga misalin Basamariye a Luka sura 10, shi ma maƙwabci ne. Ubangiji ya kiyaye masu fita da masu shiga, ya kuma ba su zuciyar kiyaye waɗanda za su tarar a hanya. Amin.